Ƙamshin ayaba, haɗarin fetur: ruwan tsinka fenti da ake sayarwa a gorar ruwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta garejin fentin mota a Maraɗi, ko rumfar kafintocin da ke shafa wa gado da kabad man ƙyalli a Damagaram, ya san wannan ƙamshi. Yana da daɗi-daɗi kamar na ayaba nunanna ko alawa, har wasu yaran shago sukan tsaya su shaƙa da gangan. Ƙamshin yana fitowa ne daga ruwan tsinka fenti, wanda masu sana'a ke kira diluwan, ƴan ƙetaren iyaka kuma su ce tina. Ana samun sa a kasuwar Katako ta Yamai da shagunan kayan gini na kowane babban gari, a gwangwani ko a jarka, amma galibin ƙananan masu sana'a a tsiyaye suke saye, cikin gorar ruwa da ba ta da ko rubutu ɗaya.

Abin da ke ba shi ƙamshin wasu sinadarai ne da masana ke kira esta, musamman etil asetat da ɗan uwansa butil asetat. A jikin gwangwanin da ya zo da Faransanci za a ga an rubuta acétate d'éthyle. Ana haɗa shi daga etanol da sinadarin da ke ba binegar tsami, kuma tun shekarar 1759 aka fara haɗa shi a Faransa. Yau yana cikin gam ɗin masu takalma, da tawadar buga ledar kayan abinci, da ruwan goge jan farce na wuraren gyaran jikin mata. Har cire sinadarin hana barci daga kofi da ganyen shayi ana yi da shi.

A gaskiya, idan aka jera shi da sauran ruwan narkar da fenti, etil asetat yana cikin masu ƙarancin guba, domin jiki yakan warware shi ya koma abubuwa biyun da aka haɗa shi da su. Matsalarsa wuta ce.

Tururin ne ke ci

Kowane ruwa mai kama wuta yana da matakin zafin da idan ya kai, zai fara fitar da tururin da ya isa tartsatsi ya kunna. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38. Gazuwal ya fi haka. Etil asetat kuwa tun daga digiri 4 ƙasa da sifili a shirye yake, wato ko a sanyin asubahin watan Janairu. To ina ga watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Birnin Ƙonni, cikin shago mai rufin kwano? Ruwan yana tafasa a digiri 77 kacal, don haka gorar da aka bari a buɗe tana raguwa ko ba a taɓa ta ba. Abin da ya ragu ɗin bai ɓace ba, yana cikin iskar ɗakin.

Nan ne inda mutane da yawa ke kuskure. Ana ɗauka tururi sama yake yi kamar hayaƙi. Wannan ya fi iska nauyi kusan sau 3, sai ya kwanta a ƙasa ya yi ta malala kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya sauka cikin ramin da makanikai ke shiga su duba ƙasan mota, ya bi kwata. Idan ya iske wuta a nesa, murhun gawayin mai shayi ne a bakin ƙofa, ko guntun sigari, ko janareto da aka tayar saboda wuta ta ɗauke, sai harshen wutar ya biyo sawunsa da gudu ya dawo har cikin gorar. Mai shago ya yi ta rantsuwa cewa babu wanda ya kawo wuta kusa, kuma gaskiya ya faɗa.

Tururin yana fashewa idan ya kai tsakanin kashi 2 zuwa kusan 11 cikin 100 na iskar wuri. Lissafin ba shi da wuya: ɗaki mai mita 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsaye, idan aka rufe shi, kimanin lita 2 da ta bi iska ta isa ta mayar da shi duka abin da makunnin fitila kawai zai iya tayarwa. A daɓen ɗakin kuwa, inda tururin ke taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa. Mai fenti da ke rufe ƙofa da taga don kada ƙurar hunturu ta ɓata masa aiki, ya kunna injin feshi, ya san dalilin rufewar, amma da wuya ya taɓa yin wannan lissafi.

Mazauna Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar fetur ta kife kusa da filin jirgin saman Diori Hamani, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi ta halaka sama da mutum 50. Fetur ne ba diluwan ba, amma hanyar ɗaya ce: tururi a kwance a ƙasa, sai tartsatsi guda. A dokokin jigilar kaya na duniya ma rukuni ɗaya aka sa su, rukuni na 3. Motar da ke ɗauke da etil asetat tana da allo ruwan lemu mai lamba 33 a sama, alamar ruwa mai saurin kamawa ƙwarai, da 1173 a ƙasa.

Gangar da "babu komai a ciki"

Wanda ya fi kowa shiga haɗari sau da yawa bai taɓa riƙe burushin fenti ba. Mai walda ne. Gangunan ƙarfe masu lita 200 da aka kawo sinadari a ciki ba a zubar da su, ana sayar da su a fasa a yi murhu, ko kwanon toya, ko mazubin ruwa. Ganga cike da ruwan sinadari ba ta da isasshiyar iskar da za ta fashe, wadda aka juye ce ke da ita. Abin da bai wuce babban cokali ɗaya ba, idan ya rage a gindinta ya zama tururi, ya isa ya cika ta da haɗin da ke jiran wuta. Da zarar dutsen yanka ko wutar walda ta huda ƙarfen, murfin gangar yakan tashi da ƙarfin da zai iya kashe wanda ya duƙa a kanta. Jijjiga ganga a ji shiru ba shaida ba ce. Ƙa'idar ita ce a buɗe dukkan bakunanta, a wanke sosai, a cika ta da ruwa har kusa da inda za a yanka, kuma ganga da ba a san abin da ta ɗauko ba a ƙyale ta.

Akwai kuma tartsatsin da jiki da roba ke tarawa lokacin hunturu, irin wanda mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota. Tsiyaya daga ganga zuwa jarkar roba cikin busasshiyar iska na iya haifar da shi. Shi ya sa manyan masana'antu ke haɗa mazubi biyun da waya su kafa ta a ƙasa kafin a fara juye. Ƙaramin mai shago zai iya aƙalla ya yi amfani da mazubin ƙarfe, ya tsiyaya a hankali, a waje, cikin inuwa.

Madara ba magani ba ce

Tsakanin masu fenti akwai tsohon imani cewa kofin madara bayan aiki yana wanke abin da aka shaƙa. Madara ciki take tafiya, tururi kuwa ta huhu ya shiga jini, ba su ma haɗu ba. Haka takunkumin yadi ko na asibiti da aka saba da shi tun lokacin korona: yana tare ƙura da ɗigon fenti, tururi kuwa ratsa shi yake. Abin da ke aiki shi ne takunkumin roba mai gwangwanin gawayi, wanda a tsarin Turai ake yi wa alama da harafin A da launin ƙasa-ƙasa, kuma shi ma gwangwanin yana ƙarewa, sai an sauya.

Tarayyar Turai ta kayyade kashi 200 cikin miliyan a iskar wurin aiki na awa 8, Amurka kuma 400. Babu mai na'urar auna wannan a gareji, amma jiki yana faɗa: ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi nauyi, sai jiri da gyangyaɗi. Yaron shagon da ya fara layi da rana tsaka ba lalaci ba ne, iska yake buƙata. Hanci kuma yakan gaji ya daina jin ƙamshin alhali tururin yana nan. Wanke hannu da diluwan bayan aiki, abin da kusan kowa ke yi, yana kwashe maiƙon fata har ta bushe ta tsage, kuma siririyar safar hannu ta asibiti ba ta jimawa sinadarin ya ratsa ta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne diluwan ba abu ɗaya ba ne. Haɗi ne, kuma sau da yawa akwai toluwen a ciki, mai lahani ga ƙwaƙwalwa idan shaƙarsa ta daɗe, wani lokaci har da metanol, wanda shan kaɗan daga cikinsa ke makantarwa. Gwangwanin asali yana ɗauke da hoton harshen wuta cikin jan murabba'i da ke tsaye kan kusurwa, hoton da ko wanda bai yi lakkol ba zai gane. Ranar da aka juye shi a gorar ruwa, gargaɗin ya tsaya a shagon mai sayarwa, abin da ya isa gida ruwa ne garai-garai mai ƙamshin alawa, a wurin da yara ke wasa.

Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin ruwan na iya faɗawa huhu, kuma kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi likita nan take, tare da gorar. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Wanda ya shaƙa har ya galabaita a fitar da shi sarari, a cire masa tufafin da suka jiƙe.

Idan wuta ce ta kama, bokitin ruwa shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, kuma shi ne ke yaɗa ta, saboda sinadarin bai kai ruwa nauyi ba, sai ya hau kansa ya bi shi yana ci. Ƙaramar wuta ana rufe ta da yashi, wanda ba ya wuya a ƙasar nan, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Wadda ta fi ƙarfi, a fita a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kuma a faɗa musu tun a waya cewa akwai gangunan diluwan a wurin da kuma yawansu.