Ciwon Mantuwa: Asarar da Ba Ta Shiga Littafin Ciniki

Ciwon mantuwa, wanda jama'a kan kira gigin tsufa, ya zama ɗaya daga cikin cututtuka masu cin dukiya a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ya ci dalar Amurka biliyan 1,300, kuma kimanin rabin wannan adadi ƙimar wahalar 'yan uwa ce masu jinya a gida ba tare da albashi ba. Hukumar ta ce mutane fiye da miliyan 55 ne ke fama da ciwon, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki.

Ga ɗan kasuwa, lissafin a fili yake. Mai jinya kan ɓata kimanin sa'o'i 5 a kullum wajen kula da marar lafiya, wato sa'o'in da aka rufe shago ko aka bar wurin aiki.

A nan ne aikin ƙwararrun da ke horar da marasa lafiya kan harkokin yau da kullum ya shigo. Ƙwararren kan ziyarci gida, ya ga yadda tsoho ke wanka, sa tufafi da cin abinci, sannan ya sauƙaƙa matakan. Yakan ba da shawarar a ƙara haske, a kawar da abin tuntuɓe, a liƙa hoto a ƙofar banɗaki, a raba magani cikin akwati mai gidajen kwanaki. Wani bincike da aka buga a 2006 daga ƙasar Holan ya nuna cewa ziyara 10 cikin makonni 5 ta kyautata ayyukan marasa lafiya, ta kuma rage wa masu jinya nauyi. A Nijeriya ana horar da irin waɗannan ƙwararru a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da kuma makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, sai dai yawansu bai kai buƙata ba.

Kasuwar na'urori kuwa tana bunƙasa: agogo mai nuna rana da wata, ƙararrawar tunin shan magani, da na'urar ɗaurawa a hannu mai nuna inda tsoho yake idan ya ɓace. To amma akwai gargaɗi ga masu shigo da kaya. Gwajin da aka yi a Ingila, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2021, ya gano cewa cika gida da na'urori bai tsawaita zaman marasa lafiya a gidajensu ba.

Saboda haka, ɗan kasuwar da zai zuba jari a wannan fanni sai ya haɗa kayansa da shawarar ƙwararre, ya kuma zaɓi masu araha da ke aiki da batir ko hasken rana, domin na'urar da ta mutu da ɗaukewar wuta ba za ta tuna wa kowa shan magani ba.