Fataucin Ƙaya: Nazari a Kan Wawashe Tsiron Kaktus a Hamadun Amurka

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa a hamadun nahiyar Amurka, tun daga Arizona da Teksas, a ratsa ta Meksiko, har a dangane da gaɓar tekun ƙasar Cile, akwai wani jinsin tsiro mai ƙaya da ake kira kaktus, wanda duk wanda ya san ƙerana ko tinya zai ga kamar danginsu ne, alhali kuwa masana sun tabbatar babu nasaba tsakaninsu, zaman fari ne kaɗai ya haɗa su siffa. Nau'o'insa sun kusa 1,500, kuma a shekarar 2015, sa'ad da masanan ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, suka gama bin diddiginsu ɗaya bayan ɗaya, sai suka iske kashi 31 cikin ɗari suna bakin halaka. Abin al'ajabi a cikin wannan bayani shi ne, ɗaya daga cikin manyan sabubban halakar ya fito ne daga masu ƙaunar tsiron, waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa don a tono musu shi daga mazauninsa a dasa musu a tukunya.

Ba za a fahimci girman wannan ɓarna ba sai an san yadda kaktus ke girma, domin a nan ne asalin illar yake. Shi babban nau'in nan na Arizona da ake kira saguwaro, wanda kan kai tsawon mita 12, yakan shekara goma bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ba ya fitar da reshe sai ya haura shekara hamsin, sa'an nan ya rayu shekara 150 ko fiye. Na hamadar Atakama ta Cile kuwa, wato kofiyafowa, inda akan yi shekaru ruwan sama bai sauka ba, da hazon da ke tasowa daga teku yake rayuwa, yana ƙara 'yar ƙanƙanuwar tsoka kowace shekara, har jikinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. To, wannan fari da tabon rana da ƙanƙancewar tsufa su ne ainihin abin da masu tarawa ke kwaɗayi, don kuwa wanda aka rena a lambu yakan fito kore shar, mai ƙiba, ba shi da alamar wahala, su kuwa a wurinsu wannan naƙasa ce. Saboda haka abin da ɓarawo ke cirewa da shebur cikin 'yan mintoci shekaru ne da aka tara, kuma babu dabarar da za ta mayar da su a zamanin wanda ya ga an cire.

Sha'awar tara kaktus tsohuwa ce a Turai, tun ƙarni na 19 ake ɗora shi a jiragen ruwa, amma a wancan lokaci nisan hanya da wahalar hamada su ne ganuwar da ta tsare shi. Yau wannan ganuwa ta rushe. An shimfiɗa hanyoyin mota zuwa lungunan Atakama, wayar hannu tana nuna wa mutum daidai inda aka ɗauki hoto, ciniki kuma ya koma Facebook da Instagram da eBay, inda mai saye a Jamus ko Sin ko Koriya kan zaɓi tsiro tun yana cikin ƙasa, a tono masa, a naɗe shi a akwati, a aika ta gidan waya. Da annobar korona ta tsare mutane a gidaje a 2020, kasuwar tsiron ado ta ƙara zafi. Har ta kai ga malaman ilmin tsirrai, waɗanda al'adarsu ita ce bayyana abin da suka gano, sun koma ɓoye wuraren da suka sami sabon nau'i, kamar yadda aka yi da wani ɗan ƙaramin kaktus da aka sake ganowa a jihar Kowahila ta Meksiko a 1996, aka rufe sirrin mazauninsa don tsoron masu shebur.

Hujja mafi bayyana ita ce abin da ya auku a Italiya a watan Fabrairu na 2020, lokacin da jami'an tsaro suka shiga gidan wani ɗan kasuwa a garin Senigaliya, suka tarar da kaktus fiye da 1,000 da aka sato daga Cile, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura Yuro miliyan ɗaya. A 2021 aka mayar da guda 844 zuwa ƙasarsu, wanda lalle abin yabo ne, sai dai mayarwa gida ba ta nufin mayarwa cikin ƙasa, domin tsiron da ya zauna a tukunyar baƙi ana tsoron ya ɗauko cuta ya shafa wa na daji. A 2024 IUCN ta bayyana cewa kashi 82 cikin ɗari na nau'o'in kofiyafowa suna cikin haɗari, alhali a 2013 kashi 55 ne.

Yawon buɗe ido kuwa yana da fuska biyu, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka. Kuɗin maziyarta na taimaka wa gandun saguwaro da ke kusa da birnin Tusan na Arizona. Amma a Wirikuta ta jihar San Luwis Fotosi a Meksiko, inda ƙabilar Wiharika ke tattaki kowace shekara don ɗebo wani kaktus mara ƙaya mai suna feyote, wanda suke girmamawa a addininsu na gargajiya, baƙi masu neman mayen da ke cikinsa sun yi wa wurin illa, domin su 'yan ƙasa sukan yanke kan tsiron su bar saiwa ta sake tohowa, baƙo kuwa tumɓuke shi yake yi gaba ɗaya, ko da yake dokar Meksiko 'yan asali kaɗai ta halatta wa ɗiba. Ba zan ɗora wa baƙi dukan laifin ba, don manyan gonaki da haƙar ma'adinai sun ci fili mai yawa a yankin.

Mafsadar ba ta tsaya kan tsiron ba. Jemagu da ƙudan zuma na shan furensa, tsuntsaye na sheƙa a jikin saguwaro, mutanen Tohono O'odam kuma da girbin 'ya'yansa suke buɗe sabuwar shekararsu. Wasu nau'o'in a gefen tsauni guda kaɗai suke a duk duniya, kuma da yake manya ake zaɓa, masu ba da iri ne ake kwashewa.

Game da magani, doka ba ta yi ƙaranci ba. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa ƙa'ida a kan fataucin kaktus tsakanin ƙasashe, masu gadin gandun Arizona har ƙananan na'urorin shaida suke cusawa a jikin saguwaro don a gane na sata. Amma hamada faɗi gare ta, masu gadi kaɗan ne, jami'in kwastan bai san bambancin na daji da na lambu ba, tarar da ake yankewa kuma ba ta kai ribar ba. Akwai darasi a wani kaktus mai kama da ganga, mai ƙaya ruwan zinariya, wanda dam ɗin Simafan na Meksiko ya nutsar da yawancin mazauninsa a shekarun 1990: yau ana renonsa daga iri a lambuna ko'ina a duniya, ya yi araha har sace shi bai da wata riba.

A ra'ayina, maslaha tana cikin sauƙaƙa wa manoman Meksiko da Cile izinin renon waɗannan nau'o'i daga iri da sayar da su ta halal, don ribar ta zauna a hannun maƙwabtan hamada su zama masu gadinta, tare da tsananta hukunci a ƙasashen da ake saye. Nauyin ya fi rataya a wuyan mai saye, domin duk wanda ya karɓi tsohon kaktus mai tabon rana ba tare da takardar asali ba, ya san daga inda aka tono shi, kuma hukuncinsa hukuncin mai sayen kayan sata ne.