Darasin Baylor: Wa zai hukunta ɗan wasan da ke kawo wa jami'a kuɗi?

A ranar 26 ga Mayu, 2016, majalisar amintattu ta Jami'ar Baylor da ke garin Waco a jihar Texas ta Amurka ta sanar da cewa za ta raba gari da kocin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, Art Briles. A rana guda ta sauke shugaban jami'ar, Ken Starr, daga kujerarsa. Starr ba baƙo ba ne ga masu bin siyasar Amurka, domin shi ne lauyan da bincikensa ya kai ga yunƙurin tsige Shugaba Bill Clinton a 1998. Sai ga shi mai binciken wasu ya rasa muƙami saboda rashin bincike a gidansa.

Musabbabin wannan girgiza shi ne binciken wani kamfanin lauyoyi, Pepper Hamilton, wanda jami'ar ta ɗauka da kanta. Taƙaitaccen sakamakon da aka fitar ya nuna cewa wasu ma'aikatan sashen ƙwallon sun samu labarin zarge-zargen cin zarafin mata a kan 'yan wasansu, amma ba su miƙa su ga ofishin da ya dace ba. Wani lokaci ma su da kansu suke ganawa da masu ƙorafi ko iyayensu, maganar kuma ta mutu a nan. Daga baya amintattun suka shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa tun daga 2011, mata 17 ne suka kai ƙorafi a kan 'yan wasa 19. Ɗaya daga cikin 'yan wasan, Tevin Elliott, tuni kotu ta ɗaure shi shekara 20 a 2014. Briles dai ya sha musanta cewa ya rufa wa wani mai laifi asiri.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'in Najeriya zai yi mamakin yadda wasan ɗalibai zai kayar da shugaban jami'a. A Amurka harka ce ta maƙudan kuɗi. Kafin zuwan Briles, ƙungiyar Baylor ta daɗe a ƙasan tebur. A hannunsa ta lashe gasar rukunin Big 12 a 2013 da 2014, ɗan wasanta Robert Griffin III ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2011, jami'ar kuma ta buɗe sabon filin wasa a 2014 wanda ya ci dala miliyan 266. Idan aka dakatar da fitaccen ɗan wasa, ana iya rasa wasa. Idan aka yi ta rasa wasanni, koci ya rasa aikinsa, masu ba da gudummawa kuma su ja baya.

A ƙa'ida, ɗan wasan da aka zarga yana fuskantar hukuma uku. Ta farko 'yan sanda da kotu. Ta biyu jami'a, wadda dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX ta haramta wa nuna bambancin jinsi muddin tana karɓar kuɗin gwamnati; a 2011 Ma'aikatar Ilimi ta rubuta wa jami'o'i cewa wajibi ne su binciki ƙorafin cin zarafi, ko an je kotu ko ba a je ba. Ta uku kuwa koci ne, wanda yake da ikon ajiye ɗan wasa a benci ko korarsa daga ƙungiya. A aikace, sau da yawa kocin ne yake fara jin labari, kuma shi ne ya fi kowa asara idan maganar ta fita. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Ba Baylor kaɗai ba ce. A Jami'ar Jihar Florida, wata ɗaliba ta zargi Jameis Winston da yi mata fyaɗe a Disamban 2012, zargin da ya musanta. Binciken 'yan sanda ya yi ta jan ƙafa, sai a Disamban 2013 mai gabatar da ƙara ya ce hujjojin ba su kai a gurfanar da shi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Winston ya karɓi kyautar Heisman. Zaman ladabtarwa na jami'a bai yiwu ba sai a Disamban 2014, shekara biyu bayan ƙorafin, shi ma ya ƙare ba tare da an same shi da laifi ba. A 2016 jami'ar ta amince ta biya dala 950,000 don a kashe ƙarar da ɗalibar ta shigar a kanta, ba tare da ta amsa laifi ba.

A Jami'ar Oklahoma kuwa babu gardama kan abin da ya faru. A Yulin 2014 Joe Mixon ya naushi wata ɗaliba a wani gidan cin abinci, ya karya mata ƙasusuwan fuska. An dakatar da shi kakar wasa ɗaya, ya dawo ya ci gaba da taka leda. Sai da faifan bidiyon ya fito fili a Disamban 2016 sannan kocinsa, Bob Stoops, ya amince cewa da a lokacin ne abin ya auku, kora ce kawai za ta dace. Laifin bai sauya ba a cikin shekarun biyu. Abin da ya sauya shi ne jama'a sun gani da idonsu.

Mai karatu zai tambaya, ina hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i? Littafin dokokinta ya fi mayar da hankali kan ɗaukar 'yan wasa, cancantar karatu da haramtattun kyaututtuka. A Agustan 2021 kwamitinta ya yanke cewa, duk da munin abin da ya faru a Baylor, rashin kai rahoton cin zarafi bai saɓa wa dokokin hukumar ba. An ci jami'ar tarar dala 5,000 tare da sa mata ido na shekara huɗu, amma saboda wasu ƙananan laifuffuka daban. Hukuncin da ya fi taɓa aljihu daga rukunin Big 12 ya fito, wanda a 2017 ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na kason kuɗin Baylor har sai ta nuna ta gyara.

An samu wasu gyare-gyare. A 2015 rukunin SEC ya hana jami'o'insa karɓar ɗan wasan da wata jami'a ta kora saboda cin zarafin mata ko dukan abokiyar zama, domin a da, wanda aka kora a nan gobe sai a gan shi cikin rigar wata ƙungiya. Baylor ta karɓi shawarwari 105 daga lauyoyin da suka bincike ta, kuma a 2017 ta naɗa Linda Livingstone, mace ta farko da ta shugabance ta.

Akwai kuma masu jan hankali ta ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Zargi ba hukunci ba ne, kuma matashin da aka kora bisa jita-jita yana iya rasa karatu da sana'a gaba ɗaya. Sai dai wannan hujjar ma ta koma wuri guda: mai ƙorafi da wanda ake zargi duka suna buƙatar mai bincike da ba shi da riba ko asara a sakamakon wasan ranar Asabar.

Tambayar ta ƙara nauyi yanzu. Tun 2021 aka bar 'yan wasan jami'a su samu kuɗi da sunansu ta hanyar talla, kuma sulhun da wata kotun tarayya ta amince da shi a Yunin 2025 ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ɗan wasan da a da tallafin karatu kawai aka ba shi, yau jari ne da aka zuba kuɗi a kansa, kuma mai jari bai cika son a taɓa jarinsa ba. Gwajin kowace jami'a shi ne ranar da ƙorafi zai iso a kan gwarzonta ana saura kwana biyu babban wasa, da kuma teburin da takardar za ta fara sauka.