Aiki ɗaya, lada ɗaya: Me ya sa doka ba ta kai gonakin arewacin Kano?

Da zarar kaka ta kama a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, kasuwar ƙwadago kan buɗe tun da asuba. Samari su yi jingar yankan gero da ɗaurin dammuna, dattijai mata da zawarawa su fita roron wake, matan aure kuma a kai musu gyaɗa cikin gida su ɓare. Da baki ake ciniki. Wani a biya shi kuɗi da la'asar, wata a auna mata kwano ko tiya daga abin da ta sheƙe. Ba a rubuta komai, kuma daga nan matsalar take farawa ga duk mai son sanin ko ana tauye wa wani rukuni lada.

A takarda Najeriya ba ta da ƙarancin alƙawari. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya umarci gwamnati ta tabbatar ana biyan lada ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ko wani dalili ba, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara kai tsaye a kansa. Ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan daidaiton lada a 1974, da ta 111 kan hana wariya a wurin aiki a 2002. Gyaran kundin na 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙorafin wariya.

Amma kotu hujja take nema. Ma'aikaciya ba za ta iya nuna an rage mata ba sai ta san abin da aka ba abokin aikinta, kuma wannan bayani yana hannun mai biya. Saboda haka wasu ƙasashe suka ɗora nauyin a kansa. A Birtaniya, tun 2017, kamfanin da ke da ma'aikata 250 ko fiye dole ne ya bayyana tazarar albashin maza da mata kowace shekara. A Amurka, hukumar da ke yaƙi da wariya a wurin aiki ta karɓi bayanan albashin 2017 da 2018 daga kamfanoni masu ma'aikata 100 zuwa sama, bayan da kotu ta tilasta hakan a 2019, daga baya ta dakatar.

A Najeriya ma ana ajiye irin waɗannan bayanai, sai dai don wata manufa. Dokar Ƙwadago da Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 sun wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙe lissafin albashi na tsawon shekara uku, domin jami'in ƙwadago ya duba idan ya zo. Duk watan Janairu kamfanoni kan miƙa wa hukumar haraji ta jiha jerin ma'aikatansu da abin da aka biya kowa. Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa tana tattara sunayen ma'aikatan gwamnati don ta ga kason kowace jiha. Wato alƙaluman suna nan cikin kundaye. An tara su ne don haraji da rabon guraben aiki, ba don a jera albashin mace da na namiji a gwada ba.

Duk wannan ma labarin birni ne. Dokar 2019, wadda gyaran Yulin 2024 ya ɗaga adadinta zuwa Naira 70,000, ta cire rukuni-rukuni daga ƙarƙashinta: wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, masu aikin ɗan lokaci, masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin da ke bin damina ko rani kamar noma. Mai karanta wannan jeri zai ga kamar an zana hoton ɗan ƙwadagon ƙauye ne da gangan. A yankin da ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, gado ya yayyanka gonaki, mai gona kan ɗauki mutum huɗu ko biyar na kwana biyu, gobe shi ma ya tafi ƙwadago gonar wani. Naira 71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar a Oktoban 2024 albashin ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Ba ta shafi mai roron wake ba. Kuma batun ƙwadago yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Akwai wata sarƙaƙiya da ko an kawo littafin lissafi ba za ta warware nan take ba. A karkarar Kano ba kasafai mace da namiji ke yin aiki ɗaya ba. Huɗa da yankan hatsi na maza ne, sussuka da shiƙa da ɓara galibi na mata. Idan ba aiki ɗaya suke yi ba, da me za a kwatanta? Yarjejeniya ta 100 ta hango wannan, shi ya sa ta yi maganar aiki mai daraja ɗaya, ba mai kama ɗaya kawai ba. Wunin da mace ta yi cikin ƙaiƙayi tana shiƙa yana iya kai wunin mai lauje wahala, amma auna hakan na buƙatar a san sa'o'i nawa, a kuma mayar da tiyar hatsi kuɗi bisa farashin ranar.

Inda za a iya farawa shi ne inda noma ya haɗu da kamfani. A kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa, mata na gyaran riɗi da zoɓo a rumbunan masu fitar da kaya waje, maza na dako da ɗinkin buhu, kuma mai rumbu yana da lissafin abin da ya biya, tunda da shi yake fitar da ribarsa. Haka injinan casar shinkafa da gonakin kaji. Ga sauran kuwa, hanyar da ta rage ita ce a tambayi ma'aikacin da kansa, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi gida-gida a bincikenta na ma'aikata, wanda ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba.