Caja ba ta barci

Yara, a shagunan Ladjifarani mukan ga an ɗauke kwamfuta, an bar cajarta a bango. Ta daina shan wuta ke nan? A'a. Aikinta rage ƙarfin lantarki daga volt 220 zuwa wajen 19. Muddin tana jone, tana ɗan sha, dare da rana.

Wata takan sha har rabin wat. Kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Irinta 20 daidai suke da ƙwan fitila mai wat 10 da ba a kashewa. Mitar SBEE tana ƙirgawa, baba zai biya.

In an gama caji, a cire ta da busasshen hannu.

Tambaya: caja nawa aka bari jone a gidanku?