Tarakta a Lokacin Hunturu: Kulawar da Take Buƙata a Yankin Gwashi

Tarakta a Gwashi da sauran ƙauyukan Bukkuyum, Anka da Gummi ba ta samun hutu sosai bayan damina. Da an gama girbi sai a ɗaura mata tirela, ta shiga jigilar gero da dawa da wake, wata kuma ta gangara fadama noman rani. A daidai wannan lokaci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, kuma ƙurarta ta fi sanyinta illa ga inji.

Saboda haka filtar iska ce abin dubawa na farko. Idan ta toshe, inji zai rasa ƙarfi, ya riƙa baƙin hayaƙi, ya sha mai fiye da kima. Idan kuwa ta yage, ƙura za ta shige ta cinye ringi da silinda, gyaran da kan kai ga sauke inji gaba ɗaya. Filtar takarda hura ta ake yi da iska daga ciki zuwa waje, ba a buga ta a jikin taya kamar yadda wasu direbobi suka saba. Tsofaffin Massey Ferguson masu kaskon mai a ƙasan filta kuwa, a zubar da man a zuba sabo da zarar ya yi kauri. Lagireto ma yakan cika da ƙaiƙayi a wurin sussuka, sai a share shi kullum, a duba ruwansa da fanbel.

Baƙin mai da filtarsa ana canza su bayan kimanin awa 250 na aiki, a kuma riƙa bin duk gaɓoɓi da giris a kai a kai. Gwamma a cika tanki da yamma, domin sanyin dare kan tara raɓa a tankin da ba komai, ruwan ya lalata famfo da nozul. Batir mai rauni shi ma da sanyin asuba yake tona kansa.

Taraktar da za a ajiye har faɗuwar ruwa, a wanke ta, a sa ta a rumfa nesa da busasshiyar ciyawa saboda gobara, a cire kan batir, a ɗora ta kan katako don kada tayoyi su tsattsage. A shafe faifan garma da tsohon baƙin mai saboda tsatsa, a riƙa leƙa wayoyi saboda ɓera. Duk kayan gyaran da za a nemo daga Gusau ko Sakkwato, a sayo su tun Maris, kafin kanikawa su cika da aiki a bakin damina.