Hoto Mai Fiksel 1,024 Da Ke Nuna Yadda Jini Ke Gudana A Huhu

A kasuwar waya, yawan megafiksel ake tallatawa: wannan 50, waccan 108. Amma a sashen kula da marasa lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa, akwai na'urar da hotonta galibi fiksel 32 ne a tsaye, 32 a kwance, wato 1,024 kacal. Ko tsohuwar Nokia ta fi ta fitar da hoto, amma tana iya abin da manyan na'urori ba sa iyawa. Sunanta EIT.

Matsalar da take warwarewa

Idan huhu ya gaza, har na'urar hura iska ta kasa wadatar da jiki, akan jona majinyaci da injin ECMO. Injin yana janyo jini ta wani kakkauran bututu, ya cire gurɓatacciyar iska, ya zuba oksijin, sannan ya mayar da shi jiki. An yi amfani da shi sosai lokacin annobar korona a 2020. Ba ya warkar da huhu, hutu kawai yake ba shi.

A wannan lokacin likita na son sanin abu biyu: ina iska ke shiga, ina kuma jini ke bi? Idan iska ta cika wani ɓangaren huhu amma gudan jini ya toshe hanyar zuwa wurin, iskar ta tashi a banza. Na'urar CT za ta nuna wannan, sai dai dole a tura majinyacin zuwa ɗakinta da injinsa da bututansa. Bututu ɗaya ya zame a hanya, jinin da zai zuba cikin ɗan lokaci na iya zama ajalinsa.

Yadda take aiki

EIT ba ta buƙatar a motsa kowa. Ɗamara ce ake zagaya ƙirji da ita, mai maɓallan lantarki 16 ko 32. Tana aika lantarki mai rauni wanda jiki ba ya ji, ta auna abin da ya isa sauran maɓallan. Iska na tare lantarki, jini da ruwan gishiri kuwa suna ba shi hanya. Da irin wannan dabarar agogon Galaxy Watch 4 ke ƙiyasta kitsen jiki.

Don ganin gudun jini, ana dakatar da numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, a tura kimanin mililita 10 na ruwan gishiri mai ƙarfi ta babbar jijiya. Duk inda ruwan ya ratsa a huhu, lantarki zai wuce cikin sauƙi. Inda bai sauya ba, alama ce jini ba ya isa can sosai.

Babban aikin na manhaja ne. Ɗamara mai maɓallai 16 kan ba da awo 208 a kowane zagaye, lissafi ne ke mayar da su hoto sau da dama a daƙiƙa guda, kamar bidiyo. David Barber da Brian Brown ne suka fara fitar da irin wannan hoto a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980. A 2011 kamfanin Dräger na Jamus ya fito da PulmoVista 500. Akwai kuma EIDORS, manhajar kyauta da masu son koyon lissafin ke iya saukewa.

Iyakarta

EIT yanki ɗaya na ƙirji take gani, ba huhu duka ba. Sannan injin ECMO na iya zuƙe wani kaso na ruwan gishirin kafin ya kai huhu, ya rikita awon, shi ya sa masu bincike ke ci gaba da gwada ta a kan irin waɗannan majinyata. Ba ta maye gurbin CT ba. Amma ga wanda ɗaga shi daga gado kasada ce, hoto dishi-dishi da za a iya maimaitawa safe da yamma ya fi tsararren hoton da sai an saka ransa a haɗari kafin a samu.